Mai Share Fage Ba Ya Zaɓen Gefe

A Dosara na yi ƙuruciyata, a ɗakin kakata Inna Hajo. Bayan sallar isha'i takan hura wuta a tsakar gida, ta tura dankali cikin toka, mu jikoki mu kewaye ta. Ba ta fara tatsuniya sai dankalin ya nuna, kuma tana da doka: wanda ya raba, shi ne na ƙarshen ɗauka. Ni ne babba, don haka rabon kullum a kaina yake faɗawa. Nakan daɗe ina auna gutsattsarin nan, ina rage nan ina ƙara can, saboda na san abin da aka bari shi ne nawa.

"Angona, ba gonata ba," in ji ta. "Raba mu ci, miyau ya ƙare."

Sai ta gyara zama ta ce ga ta nan, mu ce ta zo mu ji.

Akwai wadda ta fi yawan ba mu. Wai dabbobin tudu da na fadama suka yi jayayya a kan wani tafki, aka yarda a raba gardama da jifa da curin laka. Aka sa dila ya share fage. Dila ɗan tudu ne. Ya bar wa gefensu ƙaton suri da za a laɓe a bayansa, ɗaya gefen kuwa ya bar shi fili fetal, ga ƙaya, ga rana a ido. Da aka taru, tsohon kunkuru ya zagaya fagen a hankali. A nan Inna ke shaƙe murya:

"Sai yac ce, dila, aikinka ya yi kyawo. Amma wanda yas share fage, ba shi ka zaɓen gehe ba."

’Yan fadama suka zaɓi suri. Dila ya yini cikin ƙayar da ya bari da hannunsa, laka na sauka a kansa. Mukan yi dariya har mu faɗi, ta ce ƙurunƙus, kowa ya nemi tabarmarsa.

Yau a Talata Mafara nake, kuma share fage ne sana'ata. Ina tsara filayen wasan harbi na kwamfuta, irin wanda ƙungiya biyu ke shiga, kowa yana gani ta idon ɗan wasansa. Aikin auna ne zalla: nisan kowane ɓangare zuwa tsakiya, yawan maɓoya, lungun da za a zagayo ta baya, ƙofar da ɗan wasa zai iya rufewa. Taga ɗaya in ta yi yawa a gefe guda, wasa ya lalace.

Bara samarin Mafara da na Bakura suka shirya gasa, suka ce ni zan yi filin. Na gina shi kamar gonakin rani, da magudanai da rumbuna, da gada a tsakiya wadda ake iya karyawa. Shugaban ’yan Mafara ƙanena ne, Sanusi, ɗan kawuna. Ya same ni a shago, bayan doguwar gaisuwa ya rage murya.

"Yaya, ’yar taga guda za ka buɗe muna ga rumbun gabas, ta kalli gada. Wa ka lura?"

Na ce zan buɗe, amma ’yan Bakura ne za su zaɓi gefe. Sai ya ce a bar ta.

Bakura ta ci, da ƙyar. Sanusi ya daina zuwa gidana, a majalisa aka riƙa cewa na sayar da gari. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don yaron a hannuna ya tashi.

Da ina yaro na ɗauka labarin Inna gargaɗi ne ga macuta. Sai yanzu na gane ba ta gaya mana sauran ba: mai rabon gaskiya ma yana shan laka, kuma daga mutanensa take zuwa.

Da damina ta faɗi Sanusi ya dawo, ba tare da ya tayar da maganar ba. Har yau in an taɓo gasar yakan ce na cuce su. Amma duk filin da na gama, shi ne na farkon gwadawa, kuma in ya zauna ya ɗauki abin bugawa, ba ya tambayata gefen da zai faɗa.