Shekarar da Baba Ya Mayar da Shanunmu Sefa

Ranar sha biyu ga Janairun 1994, da hantsi, muna zaune a tsakar gidanmu na Nariya muna jin ɗumi, Inna na dama kunu, ni ina ɓarar gyaɗa, sai Baba ya ɗaga hannu ya ce mu yi shiru. Rediyonsa ce take cewa an karya darajar sefa, kuɗin mutanen Nijar da maƙwabtansu, an raba ta gida biyu. Ban gane komai ba, shekarata goma sha ɗaya. Na dai ga Baba ya kashe rediyon, ya ajiye ludayinsa, ya dubi turken shanu da ke nan wayam. Inna ta tambaye shi ko lafiya. Ya ce, "Binta, bijimi guda ya mutu." Alhali ba mu da ko ɗan maraƙi a gidan.

Wata biyu kafin wannan rana muna da shanun huɗa biyu, Jatau da Fari. Da yake Allah bai ba Baba ɗa namiji ba sai daga baya, ni ce mai kula da su. Ni nake zuba musu harawa, in dama musu dusa da kanwa, in kai su rafi kafin in wuce makaranta, har 'yan ajinmu suna kirana matar Fari, ni kuwa ko a jikina. Da damina ina gaba riƙe da igiya, Baba na baya riƙe da garma, kunya na miƙewa sak a bayanmu. Ƙawayena suna can suna carafke, ni ina cire kaska a kunnen sa, kuma wallahi ban taɓa jin an cuce ni ba.

Al'adar manoman wajenmu ce in shanun huɗa sun manyanta, a ciyar da su bayan kaka su yi ƙiba, a sayar, sai gab da damina a sayo matasa. Haka Baba ya yi. Matsalar ita ce watannin da ke tsakani, domin a lokacin naira tana zubewa kamar ruwa a kwando, ƙasar kuma ba ta zauna lafiya ba tun rikicin zaɓen shekarar. Ga shi Baba yana da tsohon tabo. A 1984 yana ci-rani a Damagaram, yana tara kuɗinsa a naira, aka canza launin naira, aka rufe iyaka. Kafin ya lallaɓo gida wa'adi ya ƙare, guminsa na rani guda ya koma takarda. Tun daga nan ya yanke ƙauna da naira, ya riƙa cewa, "Sefa kuɗi ce mai kunya, inda ka bar ta nan za ka same ta." Don haka yana karɓar kuɗin shanun ya zarce wajen 'yan canji a Kano, ya mayar da su sefa kakaf. Inna ta ɗinke su a jakar fata aka tura cikin rumbun dawa. Ta so ya raba biyu, ya bar rabi a naira, ya ce mata mace ba ta san kasuwa ba.

Washegarin sanarwar ya tafi Kano. Nairar da 'yan canji suka ba shi ba ta wuce rabin wadda ya kai musu tun farko ba, ga shanu sun ƙara tsada. Mutanen gari suka shigo jaje, a zaure ana Allah ya mayar da alheri, a waje ana cewa an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ni da kunnena na ji, na koma bayan rumbu na yi kuka don takaici. A karar shanu ta Wudil sa ɗaya kawai kuɗin suka iya saye, wani siririn baƙi da ban ma iya raɗa masa suna ba.

Sa ɗaya ba ya jan garma. Dole Baba ya haɗa da Malam Sule maƙwabcinmu, wanda shi ma ɗaya gare shi, amma karkiya da sabuwar garma nasa ne, saboda haka gonakinsa ne a gaba. Ba mugu ba ne, kowa dai tasa ta fisshe shi. Ruwa ya zauna, gonarmu na jira, ciyawa ta rufe ta. Baba ya ɗauki garmar hannu, mutumin da ya haura hamsin, yana huɗa tun asuba har la'asar, ni da Inna muna bin sa. Ya yi kwana tara a haka, ran na goma ƙirji ya kayar da shi. Dawar da muka samu a kakar ba ta kai mu bazara ba.

Da rumbu ya ƙare aka mayar da baƙin san kasuwa don a sayo hatsi. Ni na ja shi har bakin titi, Baba na biye yana tari. Da aka loda shi a mota, sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Hadiza, da na ji maganar uwarki." Ban taɓa jin ya faɗi irin wannan ba, kuma bai sake ba. Bayan shekara uku ya rasu, bai ƙara mallakar shanu biyu ba.

Yanzu 'ya'yana suna duba farashin canji a waya sau biyar a rana, su yi tsaki, su ci gaba da hira. Ga shi sefar da aka karya ta sake hawa kan naira, har nakan ce da Baba ya iya jira da ya ci gari. Amma manomi ba shi da wannan damar. Damina ba ta jiran kuɗi su farfaɗo.