Ranar da Inna Ta Faɗi Sunana

Mahaifiyata, Hure, shekara tara ta yi tana reno a gidan marayu na gwamnati da ke bayan kasuwar garinmu, can wajen Bagwai. Ni ce 'yarta ta fari, don haka kunya ta hana ta kama sunana. "Ke" nake, in ta ga dama "yarinyar nan". Ko kitso ba ta taɓa yi mini ba, sai dai ta tura ni maƙwabta.

Amma 'ya'yan mutane fa? Su ashirin da uku, kullum da safe sai ta jera su a tsakar gida ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Ta kira sunan yaro, ta dafa kansa, ta duba idonsa, ta ɗaga rigarsa ko akwai shatin bulala. Ni kuwa ina bakin ƙofa da kwanon kokonta da aka aiko ni da shi, ina cika ina batsewa. Wadda na fi tsana ita ce Safara'u, sa'ata. Inna kan ja sunanta a baki kamar mai tsotsar alewa. Wallahi har addu'a na taɓa yi in zama marainiya, ban ma tsaya na yi tunanin wanda zai mutu ba.

Shekarar da ruwa ya ɗauke, gero ya ƙone a tsaye, abincin gidan ya ja baya. Shugaban gidan, Malam Muntaka, ya ɗauki Safara'u ya ba wani ɗan'uwansa a Kunci, wai riƙo, alhali daka ne da ɗibar ruwa. Inna ta yi magana, ya ce ta tsaya a aikinta. Ni dai daɗi na ji, ba zan ɓoye ba.

Sai ga saƙo cewa masu duba gidajen yara za su zo daga Kano. Su aikinsu ƙirga kawuna ne, in sun yi daidai da takarda su sa hannu su hau mota. Da safiyar ranar Malam Muntaka ya hango ni a bakin ƙofa.

"Ke, zo nan. Sa rigar nan ki shiga layi. In an ce Safara'u, ki ce na'am."

Nan da nan na sa. Yau dai Inna za ta dafa kaina a gaban jama'a, ko da sunan wata ne.

Wata Hajiya mai tabarau ce ta zo dubawar, ta ce mai reno ta kira suna. Inna ta biyo layi yadda ta saba har ta iso kaina. Na sunkuyar da kai ina jira. Hannu bai sauka ba.

"Kira mana, Hure," in ji Malam Muntaka.

"Hajiya," in ji Inna, "wannan ba Safara'u ba ce. Asama'u ce, ni na haife ta. Safara'u tana Kunci, wata biyu ke nan."

Mata masu girki suka riƙe baki. Su ba asirin Malam da ya tonu ne ya dame su ba, Hure ce ta faɗi sunan 'yar fari gatsal a gaban baƙi.

Kafin la'asar motar Hajiya ta ɗauko Safara'u, ta rame, tafin hannunta duk ya yi kanta. Inna ta zaunar da ita tsakanin ƙafafunta ta tsefe mata kai, ina kallo. Malam Muntaka canjin wurin aiki kawai aka yi masa, wanda ya gaje shi kuwa bai rufa wata uku ba ya sallami Inna. Ta koma noman gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli, ni ma na koma "ke".

Da Inna ta rasu, Safara'u ta zo daga Rimin Gado da 'yarta mai suna Hure, ta yi kuka har mutane suka bar ni suna ba ta haƙuri. Na gode mata, na ba ta ruwa. Amma har yau abin yana cina. Sau ɗaya Inna ta faɗi sunana a duniya, shi ma don a dawo mata da Safara'u ne.