Zane Shida da Bakwai a Takardar Madawa

Ranar da na fara shiga kasuwar Murshid Bazaar, can ƙasar Larabawa inda ɗana ke zaune, jiri ya ɗebe ni saboda zafi. Autana Abdulhakeem, wanda ya ɗauko ni daga Sakkwato bayan na fita takaba, ya shiga wani shago ya bar ni a bakin titi. Ina cewa wayyo Allah, sai wani dattijo ya bar kwalin da yake ɗaurewa, ya jawo mini kujerarsa cikin inuwa, ya miƙo ruwa.

"Sannu Hajiya, zauna. Daga ina?"

Na ce Sakkwato, amma marigayi maigidana mutumin Sabon Birni ne.

"Ashsha! Bagobiri kika aura? Kin yi haƙuri a duniya. Ƙara shan ruwan."

Nan na gane Bakatsine ne, abokin wasansu. Rabona da dariya tun rasuwar Malam, sai ranar.

Sunansa Souleymane, Bakatsinen Maraɗi. Aikinsa ɗaure kayan 'yan kasuwa a kamfanin kago mai jigilar kaya, ya rubuta suna a jiki. Ya yi bokon Faransanci, kuma mahaifinsa magatakardan ƙidayar jama'a ne a zamanin Faransawa. Ya gaji wasu shafukan uban, yana ajiye su a jakar leda. Jikokin mutanenmu da suka tafi Makka a ƙasa suka zauna a hanya sukan kawo masa tsofaffin takardu ya karanta. Abin da bai sani ba sai ya ce bai sani ba, ko da mutum zai tafi da fushi.

A shekarar 2007 wani direba, Idris, haihuwar Sudan, ya zo masa da takardar kakansa. Mahaifiyarsa Umma, da ke zaune tare da shi a unguwar International City, ta tsufa, kuma tana jariri ubanta ya rasu. Takardar nan ita ce kaɗai abin da ya bari. A gurbin da Faransawa ke rubuta ƙabila babu kalma ko ɗaya, sai 'yan layuka. Tun tana yarinya maƙwabta suka gaya mata soke gurbin aka yi, wai ubanta ba shi da asali. Shekara saba'in tana ɗauke da maganar. Ta ce wa ɗanta tana son ta san gaskiya kafin ta bar duniya.

Souleymane ya karanta abin da ke karantuwa: sunan kakan, garin Madawa, 1936, manomi. Da ya zo kan layukan sai ya ce bai san ma'anarsu ba.

"Don Allah Malam, ka faɗi ko mene ne in kai mata, hankalinta ya kwanta," in ji Idris.

"Ni kwali nake ɗaurewa, ba ƙarya ba. Ba ni mako biyu."

Ranar Juma'a Souleymane ya zo gaishe ni a unguwarmu Muraqqabat da takardar. Ya ce ya duba shafukan mahaifinsa, ya ga in za a soke abu layi ɗaya ake ja, dogo. Waɗannan kuwa gajeru ne, kashi biyu, suna haɗuwa wuri guda. Ya kuma tuna uban ya taɓa cewa wasu magatakarda, in mutum ya faɗi abin da ba su iya rubutawa ba, sai su kwafi abin da ke fuskarsa.

"Hajiya, idona ya yi rauni. Ƙirga mini."

Na ƙirga. Shida a gefe guda, bakwai a ɗayan. Na san shi, don shekara talatin da huɗu ina kallon zanen nan a fuskar Malam kullum safiya.

"Na Gobir ne," na ce.

"Haka nake zato, amma na ƙi faɗi sai na ji daga wadda ta sha wahalarsu."

Bai tsaya nan ba. Ya buga waya Madawa wajen wani abokinsa, aka yi ta tambayar tsofaffi har aka samu gidan da ke tuna wani ƙanen kakansu da ya tafi hajji bai dawo ba, sunan kuma ya dace. Idris ya ce da ya gaya wa Umma, sai ta sa aka ciro takardar daga ƙasan akwati aka rataye a bango.

Souleymane mutum ne mai yini da igiya da salatif a hannu, masu kaya na yi masa tsawa, amma ni ban ga malamin da ya fi shi tsoron faɗin abin da bai tabbatar ba.

Bayan kwana uku ya dawo, ya tsaya a bakin ƙofa, yau babu tsokana.

"Hajiya, Umma ta ce layuka a takarda ba fuska ba ne. Ba ta taɓa ganin Bagobiri mai zane ba. Don Allah ki ara mini hoton Malam na yini ɗaya. In kuma za ki iya, ki zo da kanki ki riƙe mata shi, ta ga yadda fuskar ubanta take."