Bakin da Ya Saba da To

A gidan Tela ba a amsa wa babba da tambaya. Idan an ce ka je, ka ce to. Idan an ce ka dawo, ka ce to. Shi kansa Tela da haka ya koyi ɗinki a hannun ubangidansa, da haka kuma ya riƙe masu kawo masa aiki har ya yi furfura. A ajiye yadi, a faɗi abin da ake so, ya ce to, sai mai kaya ya tafi sannan ya zauna yana tunanin abin da aka ce. Idan ya kuskure, zare ne, ana warwarewa.

'Ya'yansa biyu ne, Dogo da ƙanwarsa Auta. Mahaifiyarsu ta rasu Auta tana rarrafe, don haka a shagon ɗinkinsa suka tashi, tsakanin ƙafar keken ɗinki da buhun ƙyallaye. Auta ta iya cewa to tun kafin ta iya faɗin sunanta. Matan layin har misali suke yi da su idan suna yi wa nasu faɗa. A makaranta ma, malami ya ce an gane, ta amsa tare da kowa, ta dawo gida Dogo ya sake yi mata bayanin da alli a bayan ƙofa.

Da Dogo ya gama makaranta, ya samu aiki a wata masana'antar abincin kaji. Bai daɗe da farawa ba aka ce ya kashe makunni na biyu, ya shiga cikin injin haɗa gari ya share. Makunnai huɗu ne a jere a bango. Wanda ya ba shi umarnin daga ƙofa yake ƙirgawa, Dogo ya ƙirga daga taga. Injin a tsaye yake a lokacin, bai ga wani bambanci ba. Wani da bai san da mutum a ciki ba ya zo ya tayar da shi.

Mutumin da ya ba da umarnin ya zo ta'aziyya. Auta tana bayan labule ta ji shi yana kuka yana rantsuwa.

"Wallahi, Baba, na tambaye shi ko ya gane. Ya ce min to."

"Na sani," in ji Tela. "Haka zai ce."



Daga nan idon Tela ya fara ja da baya. Da fari Auta take zura masa zare a allura, daga baya ɗinkin ya soma karkacewa, masu kaya suka riƙa gaishe shi daga bakin titi suna wucewa. Shi ya sa da aka ce wani gidan wanki da ke yi wa otal-otal aiki zai ɗauke ta gwaji, ba wanda ya yi gardama. Idan ta ci gwajin, aiki ya tabbata. Idan ba ta ci ba, gidansu ba shi da wani abin da zai jingina da shi.

Ana saura kwanaki ta fara, Tela ya kira ta shago.

"Auta, ɗauko min wancan ki ɗora a kan na jiya."

"To, Baba." Har ta miƙe.

"Me za ki ɗauko?"

Ta tsaya tana duban kanta da tebur da ƙusoshin bango.

"Ni da na faɗa ma ban san shi ba," in ji shi. "Zauna. Ce, ban gane ba, a sake min."

"Haba Baba. Ai rashin kunya ne."

"Shi nake so. Da ni na hana ku, yau ni nake roƙo."

Haka suka yi ta yi. Ya jefa mata umarni marar kai da gindi tana shara ko tana wanke kwano, ita kuwa to ta riga ta fita kafin kunnenta ya gama ji. Wani lokaci su yi dariya, dariyar ta yanke a tsakiya. A hankali Auta ta lura da wani abu a jikinta: duk lokacin da ba ta fahimci magana ba, cikinta yana ƙullewa, kuma a daidai lokacin ne bakinta ya fi sauri. Ta gaya wa mahaifinta.

"Yauwa," ya ce. "Bi cikin, ki rabu da bakin. Ki dubi fuskar mai magana, ki maimaita masa abin da kika ji. In ya zage ki, zagi ba ya karya ƙashi."

Gidan wankin babban ɗaki ne mai rufin kwano, zafi kamar an rufe mutum a tukunya, ga warin sabulu da bilic, ga ƙarar injinan wanki da ba ta barin a yi magana sai da ihu. A ƙarshen ɗakin injin guga yake, doguwar gangar ƙarfe mai zafi da ke juyawa tana haɗiye zanen gado ta gaba, tana fitar da shi sumul ta baya. Mutum biyu ke tsayawa su riƙe bakin zane su miƙa mata. Nan aka ajiye Auta tare da wata sabuwar yarinya da ake kira Siririya. Ɗaya daga cikinsu za a riƙe.

Mai kula da aikin, wadda kowa ke ce wa Madam, ba muguwa ba ce. Mace ce da muryarta ta dushe saboda ihu, kullum idonta yana kan ƙofa inda motar otal ke jira. Ta faɗi magana sau ɗaya tana tafiya, Siririya ta ce to, Auta ta ce, "Madam, ban gane ba. Fararen ne za a fara, ko masu launi?"

Kafin mako ya fita ta samu suna. Wata tsohuwar ma'aikaciya da ake kira Rediyo, don ba ta yin shiru, ita ta raɗa mata.

"A ba da hanya, ga Malama Ban-gane-ba! Ke 'yar nan, ko ruwa aka ce ki sha sai kin tambaya da baki ko da hanci?"

"Da kofi dai, Anti."

"Au, ashe akwai baki! Na ɗauka tambaya kawai aka zuba masa."

Auta ta yi dariya tare da su, amma kowace tambaya sai ta ji kamar tana cire kaya a gaban mutane. Ta kuma ga yadda Madam ke sakin fuska idan Siririya ta amsa, ko da daga baya Siririyar za ta matso ta raɗa mata, "Me ta ce?"

A makon ƙarshe na gwajin, da rana tsaka, mota tana ƙofa direba yana danna oda, wani babban zane ya shiga a karkace ya naɗe a jikin gangar. Siririya ta je ɗauko wani kwando. Auta kaɗai ce a gaban injin. Bakin zanen yana lilo dab da hannunta, a gefe kuma ga akwatin maɓallai, kore da baƙi da ja, wanda ba a taɓa barin sababbi su taɓa ba.

Daga can tsakiyar ɗaki Madam ta ƙwala ihu.

"Ke! Ja! Ja mana!"

Hannun Auta ya tafi wajen zanen. To ta zo har bakin haƙoranta. Sai cikinta ya ƙulle. Ta janye hannun ta ɓoye shi a bayanta.

"Ban gane ba! In ja zanen, ko in danna jan maɓalli?"

Ƙarar inji ta cinye rabin tambayar. Madam ta ture kwanduna ta rugo ta kai wa jan maɓallin duka da tafin hannu. Gangar ta tsaya. Amma zanen ya riga ya ƙone ya manne, ƙauri ya cika ɗakin, sai da aka kira makaniki. Motar ta tafi ba kaya.

"Ja na ce miki!" Madam tana haki. "Kowa a nan ya san ja!"

Sai da Madam ta fita, Rediyo ta matso kusa da Auta, ta naɗe hannun rigarta. Daga wuyan hannu zuwa gwiwa fatar ta tattare tana ƙyalli.

"Ni ma a nan na san shi," ta ce, ta sauke hannun rigar ta koma kan aikinta.

Ranar da gwajin ya ƙare Madam ta kira Auta ɗan ofishinta. Ba ta ɗaga murya ba.

"Kina da hankali, ba ki makara, ba ki da ƙiwa. Amma ni mai saurin ɗauka nake nema. Ba ni da lokacin faɗin magana sau biyu. Siririya za ta zauna. Kin gane?"

Auta ta saurari cikinta. Bai ƙulle ba.

"Na gane, Madam."

Da za ta fita ta biya ta wajen injin guga. Siririya tana tsaye a inda ta saba tsayawa, tana miƙa bakin zane, ta kasa haɗa ido da ita. Auta ta kai baki kusa da kunnenta.

"Ba fushi nake ba. Ki ji ni. Idan aka ce ja, maɓalli ake nufi, kar ki taɓa zanen. Kuma duk abin da ba ki gane ba, ki tambaya, ko za a zage ki."

"To," in ji Siririya, idonta yana kan ƙofar ofis.

Auta ta tsaya tana kallon hannayen Siririya biyu a kan farin zanen, sannan ta ɗauki jakarta.

Ta tarar da Tela a shago, yana zaune gaban keken da ƙura ta fara hawa. Ya gane takunta.

"Kin dawo da wuri."

"Ba su riƙe ni ba, Baba."

Ta ba shi labarin zanen da ihun da jan maɓallin, ba ta rage komai ba. Ya shafa ƙurar da ke kan keken. Ta san yana tunanin shagon da ba kowa, da tukunyar gobe, ita ma shi take tunani.

"Miƙo hannunki," ya ce.

Ta miƙa. Ya kama na dama ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya da babban yatsansa, kamar mai duba ɗinki, ya juya tafin, ya shafa wuyan hannun. Ya karɓi na hagu ya yi masa haka. Bai sake su ba.

"To," in ji shi.