Kwana Uku a Tsibiri Kafin Yaye

Tun ranar suna aka ba da ɗana. Ina bayan labule a ɗakinmu na unguwar Briqueterie a Yaoundé na ji maigidana yana ce wa yayarsa, "Yaya, in an yaye shi naki ne." Ta daɗe da aure a Garoua, ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Mata suka rangaɗa guɗa. Ni ba wanda ya tambaye ni, kuma ko an tambaye ni me zan ce? Ɗan fari ne. A gidanmu na Zariya uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Haka na ga ana yi, haka na yi, har na wuce gona da iri. "Yaron nan" nake ce masa. In ya gama shan nono sai in miƙa wa duk wadda ke kusa, ko in sa shi a baya in ɗaure zane. Nauyinsa na sani fiye da fuskarsa.

Yana da wata goma sha takwas Yaya ta aiko cewa tana tafe bayan Babbar Salla. Saura mako biyu ke nan.

Ina da wata ƙawa a unguwar Tsinga, haifaffiyar Yaoundé, Hausarta rabi Faransanci, bakinta ba ya hutawa. Ta same ni a bakin famfo ina cuɗa rigarsa guda ɗaya, dattin ya riga ya fita amma na ƙi ajiyewa. Ta ce, "Ke, wannan kunya taku ita za ta kashe ki. Tashi mu tafi bakans, mu ɗan yi hutu." Mijinta yana saro bandar kifi daga wani tsibiri can gaba da Douala, kuma abokin maigidana ne. Ta kitsa komai, mu huɗu da yaro. Ta ja ni gefe ta ce, "Can ba wanda ya san ki. Ki rungumi ɗanki, kuma ki buɗe baki ki gaya wa mijinki ba ki so."

Ta nuna mini hotuna a waya, ruwa shuɗi, yashi fari. Ƙarya ce, wallahi. Ruwan da muka tarar ƙasa-ƙasa ne kamar na wankin tukunya. Awa biyu muna cikin kwalekwale mai inji ina amai, ga sama tana zuba. Ɗakin da aka ba mu na katako ne, kwanonsa yana yoyo a wuri uku. Sauro kuwa ba a magana. Komai warin hayaƙin kifi yake yi, har abin salla. Na ce mata, "Wannan ce bakans ɗin? Da kin ce mini kwata kike so in gani, ai da ban bar unguwarmu ba." Ta yi ta dariya har da riƙe ciki.

Ruwa ya kulle mu kwana biyu. Maza suna rumfar masunta, mu muna ɗaki. Ba surukai, ba maƙwabta, ba mai cewa ji marar kunya. Amma na kasa. In ƙawata ta ɗora mini yaron a cinya sai hannuwana su sandare, in rasa yadda ake yi. Ita ce mai cilla shi sama, mai hura masa iska a ciki yana ƙyalƙyata dariya, mai yi masa waƙa da Faransanci. Ni ina gefe ina ninke kayan da na riga na ninke. Ta ɗaga waya ta ce, "Riƙe shi in ɗauke ku." Na kare fuska da mayafi na ce ta rabu da ni. Ta ce, "Ke dai kin cika taurin kai." Na ce na ji, ai ba ita ta haife ni ba. Muka yini ba mu yi wa juna magana ba.

Rana ta uku da la'asar ruwan ya ɗauke. Ƙawata ta sauke mini shi a kan yashi, ta ce za ta je ta ga yadda ake banda, ta tafi ba ta waiwayo ba. Na san da gangan ta yi. Ya tsuguna yana tono da wani ɓawon kwakwa, ƙananan ƙaguwa suna gudu suna shigewa rami, yana bin su da yatsa. Na duba gabas, na duba yamma, ba kowa. Na matsa kusa da shi kamar wadda za ta yi sata. Sai na kira sunansa. Karo na farko ke nan tun da na haife shi.

Ya ɗago kai. Bai dube ni ba. Ya leƙa bayana, ya juya wajen hanyar da ƙawata ta bi, yana neman wadda ta kira shi. Na sake kira, ya miƙe ya nufi hanyar da 'yar tafiyarsa ta tatata. Na fizgo shi na matse a ƙirjina, ya yi ta mutsu-mutsu yana ture ni, don bai saba ba. Na yi kuka a wurin har majina. Ban taɓa jin haushin kaina irin na ranar ba.

Na ƙudurta a raina zan yi magana. Washegari a kwalekwale maigidana yana zaune kusa da ni, ƙawata tana ta zungurina da gwiwar hannu. Na ce, "Maigida, maganar yaron nan." Ya sunkuyo saboda ƙarar inji, ya ce, "Na'am? Me ya same shi?" Ya tsaya yana jira, ya jira sosai. Na dubi fuskarsa, sai kunyar nan ta dawo. Na ce, "Hularsa ta jiƙe." Ya cire hular ya matse ya mayar masa. Ƙawata ta ja tsaki ta juya mana baya, har Douala ba ta ƙara kallona ba.

Yaya ta zo ranar da ta ce. Mutumiyar kirki ce, ba zan yi mata ƙarya ba. Ta kawo mini turmin atamfa da man shanu, ta riƙe hannuna ta ce, "Ƙanwata, Allah Ya saka miki." Na shafa maɗaci a nono, ya kama ya saki, bai sake nema ba. Bayan kwana biyar aka fito da jakarsa tsakar gida, matan gidan duk sun taru. Ina tsaye bakin ƙofa ina roƙon Allah a zuci ya yi kuka. So nake ya kama zanena, ya yi ihu, ya ba ni kunya a gaban kowa, ko na sami abin da zan fake da shi.

Yaya ta miƙa hannu, ya tafi wurinta da gudu. Ta goya shi, ya kwantar da kai.

Wata tsohuwa ta ce, "Kai, madalla da wannan reno! Ko ƙiwa ba ya yi. Yarinyar nan ta san kunya." Sauran suka ce ƙwarai kuwa. Na ce musu na gode. Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado, gaban rigata ya jiƙe sharkaf da nono.