Allon Furar Inna

Ranar wata Asabar, kwana uku bayan babbar salla, ina aji huɗu a firamare a Sandamu, na zauna a zaure da guntun kwanon rufi da ragowar jan fenti, na rubuta wa Inna allon sana'arta: FURA DA NONO MAI SANYI. Da tsinken kara na rubuta, yadda na saba a makarantar allo, don haka haruffan duk suka kwanta baya, wani ƙato, wani ɗan mitsitsi, F ɗin har da wutsiya. Inna ba ta karanta boko, amma ta sa aka rataye shi a ƙofar gida, tana gaya wa maƙwabta ɗanta ya zama malami.

Kwana biyu kacal ya yi a wurin. Malam Lawal, malamin ajinmu, ya zo wucewa a keke, ya taka burki, ya kira ni gaban masu sayen fura. "Wannan rubutu ne, ko tonon kaji?" Ya sa na kankare shi da yashi, Inna na leƙe ta bayan ƙyaure. Tun daga nan har na gama firamare, in na kai wa Baba abinci gona, na zuba wa awaki harawa, sai in zauna in cika shafi biyu na rubutun da Malam Lawal ya ɗora mini, ina jiyo ihun 'yan langa a waje. Harafi ya karkata, yatsa ya sha rula. Karatun Malam kullum ɗaya ne: "Harafi soja ne, a miƙe yake tsayawa."

To, yau ga 'yata Hadiza a Daura tana tsara katin biki da allunan shaguna a kwamfuta. Rannan na tarar tana zaɓa wa wata mai sayar da fura salon haruffa, karkatattu, masu wutsiyoyi, sak waɗanda na sha duka a kansu. Wai shi ake yayi, ya fi kama da hannun mutum, ya fi jawo ido. Takaici ya kama ni. Wato da gangan ake koya wa na'ura tonon kaji.

Da na ba ta labarin allon Inna, sai ta turo mini takarda da alƙalami. "Baba, rubuta mini irin wancan in saka a kwamfuta."

Sau biyar ina gwadawa. Duk harafin da na kwantar sai ya miƙe. Inna ta rasu, allon ya tafi, hannun ma ashe tuni ya zama na Malam Lawal.