Usta Mati da Ramin Gaban Doka

A ƙofar gida suka ƙulla magana da hantsi. Muzammil, ɗan Hajja Hadizatu da ya zo hutu daga Saudiyya, yana so a shimfiɗa wa uwarsa tayil ɗin roba a madafa kafin ya koma. Usta Mati, mai daɓen ƙauyenmu na gefen Abu Hujar, ya ce ya yarda, amma ƙasa ce za ta sa rana, ba shi ba.

Haka yake aiki tun muna da baƙin gashi. Kowa ya san baƙar ƙasarmu, ta kumbura da damina, ta tsage da rani. Shi kuwa ba ya buɗe kwalin tayil sai ya zuba ruwan buta, ya tsuguna ya ga inda zai kwanta. Tudu ya sassaƙe, kwari ya cike da siminti da yashin kogi, ya bar shi ya bushe har mai gida ya fara ƙunƙuni.

Ran nan ruwan ya gangara gaban doka, kaskon da Hajja ke yin kisra, wainar dawa mai faɗi, ya taru a wani rami da ƙafafunta suka ci shekara da shekaru. Idonta ya yi rauni, ta taɓa faɗuwa, 'ya'yanta kuma sun ce in ta sake, ita da madafa har abada.

"Usta, kada ka taɓa min wanga," in ji ta. "Da shi ƙafata ke gane wuta."

"Ya Hajja, roba ba ta zama bisa rami. Amma ba ni bari ki ɓata cikin ɗakinki."

Ya cike ramin. Da ya zo shimfiɗa, sai ya bar wurin siminti mai kaushi, daidai da tsayin tayil, ba abin tuntuɓe. Ta shigo ba takalmi, tana lalube. Ƙafarta na jin kaushin ta tsaya, ta jawo kujerarta, ta ce ashe furfurarsa ba ta ado ba ce.

Bana Usta ya ajiye cokalin gini, gwiwa ta ƙi. Usta Mati, kai ne mai tambayar ƙafa kafin ka tambayi ido. Allah ya saka maka da alheri. Samari masu saurin liƙa roba, ku je ku zauna gabansa tun yana iya magana.

Wancan karon Muzammil ya koma Saudiyya bai taka tayil ɗinsa ba. Mati ya rasa wani aiki a Rusairis saboda jiran simintin Hajja ya bushe. Hajja kuwa har yau kisrarta muke ci.